Wai Attajiri Ya Ƙoshi, Ba Zai Ci Amana Ba?

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta kaɗa, ko aka fara raɗe-raɗin naɗa ministoci da kwamishinoni, magana ɗaya ke yawo a majalisun Dutse har Kiyawa da Birnin Kudu: wai a ba attajiri kujera, tunda ya ƙoshi ba zai taɓa kuɗin jama'a ba, kuma wanda ya iya juya kasuwa zai iya juya gwamnati. Wallahi zancen nan ya ishe ni, balle idan ya fito daga bakin 'yan boko.

Mu Jigawa mun san ɗan kasuwa a kan mulki. Muhammad Badaru Abubakar daga kamfaninsa na Talamiz da shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwa ta NACCIMA ya shiga gidan gwamnati a 2015, ya yi shekara takwas, har aka laƙaba masa "mai kalkuleta". Hukuncin mulkinsa na masu zaɓe ne. Abin da nake ja da shi shi ne ƙa'idar da ake son kafa mana, wai dukiya ita ce shaidar riƙon amana.

A dubi Wilbur Ross na Amurka. Sana'arsa sayen kamfanonin da suka durƙushe a farashin gwanjo. A 2002 ya sayi masana'antun ƙarfe na LTV, a 2003 ya ƙara da na Bethlehem Steel, ya haɗe su wuri guda, sannan a 2005 ya sayar wa attajirin nan Lakshmi Mittal a kan dala biliyan 4.5. Gwaninta ce, ba musu. Amma nauyin fanshon tsofaffin ma'aikatan kamfanonin wuyan hukumar gwamnati ya koma, da yawansu suka rasa tallafin asibiti, kuma a 2002 ɗin ne Shugaba Bush ya ɗora haraji kan ƙarfen waje, kasuwa ta gyaru wa masu narkawa a gida.

A 2017 Donald Trump ya naɗa Ross sakataren kasuwanci, yana da shekara 79. Watan Maris na 2018 aka ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari kan ƙarfen da ake shigowa da shi, bisa shawarar ma'aikatarsa. Tsofaffin abokan sana'arsa suka yi murna. Masu sayen ƙarfe su ƙera mota da ƙusa da kayan gini kuwa suka ji a jikinsu. Da kuka ya yi yawa sai Ross ya fito a talabijin riƙe da gwangwanin miya, yana nuna wa jama'a wai ƙarin da zai hau kansa bai taka kara ya karya ba. A shekarar kuma ofishin ɗa'ar ma'aikatan gwamnatin Amurka ya tsawata masa kan jinkirin rabuwa da hannun jarin da ya yi alkawarin sayarwa.

Ba a kama shi da buhun kuɗi ba, kuma a nan mutanenmu suke ruɗewa. Mun ɗauka cin amana sai an fasa baitulmali. Attajirin da ke kan kujera alƙalami ya ishe shi: rangwamen kwastam ga wannan, lasisin shigo da kaya ga wancan, fili ga kamfanin suruki. Sakamakon yana sauka kan mai walda a Dutse, wanda ya karɓi kuɗin ƙofa da taga makon jiya, yau ya tarar farashin ƙarfe ya tashi, sai ya cika daga aljihunsa ko ya rage kauri. Ga kuma bambancin manufa: kamfani yana rufe reshen da ba ya kawo riba, asibitin ƙauye kuwa ba a gina shi don riba ba.

To, me ya kamata mu yi? Mu san doka tukuna. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Ya wajabta masa bayyana kadarorinsa ga hukumar ɗa'ar ma'aikata ranar shiga ofis, da duk bayan shekara huɗu, da ranar sauka. Ya haramta wa gwamna da minista da kwamishina ajiyar kuɗi a bankin ƙasar waje. Saboda haka idan ɗan takara ya zo unguwarku, kafin rabon atamfa da taliya ku tambaye shi: kamfanoninka nawa, wa ka bar wa riƙonsu, ɗanka ko ƙaninka? Suna neman kwangilar gwamnati? Za ka nuna mana takardar kadarorinka da kanka? Wanda ya fusata da tambayar, ku lura da shi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. 'Yan jarida da ƙungiyoyin matasa kuma, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman takardun kwangila daga ma'aikatun tarayya a rubuce, ku daina barin ta tana kwana a durowa.

Don Allah malamai da masu unguwanni, ku daina yi wa mutum shaidar amana saboda yawan tirelolinsa.