Alhajin da ke zuwa a babi na goma

Duk wadda ta kwana a ɗakin kwanan ɗalibai mata ta san wannan: an ɗauke wuta, ɗaki ya yi tsit, amma kowane gidan sauro da hasken waya a ciki. Kada ki ɗauka karatun jarabawa ake yi. Littafin soyayya ne a WhatsApp ko Wattpad, kuma kafin a kai babi na goma wani Alhaji matashi, mai mota da sanyin hali, zai zo ya share wa yarinyar hawaye. Samarin ajinmu suna mana dariya, wai mafarkin ido biyu muke saye da kuɗin data. Ban ce sun yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amma ni na taɓa rubuta irin wannan littafin, don haka bari in faɗi yadda abin ke aiki.

Ni 'yar Daddara ce, kan hanyar Katsina zuwa Jibiya. Babana direba ne, yana jigilar fasinja har Maraɗi ta Magama da Ɗan Isa. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, mota ta koma ajiye gindin bishiya. Kuɗin makarantata ya zama abin tattaunawa a gida, har aka fara kawo zancen wani mai shago da ya ce yana so. A wannan hutun na fara rubutu a waya. Tauraruwar labarina ɗiyar direba ce, kun dai gane. Na kawo mata wani ɗan kasuwa daga Abuja, ya biya kuɗin makaranta, ya sai wa uban sabuwar mota, ya kai uwar Makka.

Wannan shi ne biyan buri a takarda: abin da rayuwa ta hana ki, alƙalami ya ba ki. Shi ya sa marubuta ba sa cika zana halin yarinyar sosai, sai dai a ce kyakkyawa ce mai haƙuri, domin kowace mai karatu ta samu wurin shiga rigarta. Sannan ba a ba da burin da wuri. Sai an ja rai, an sha wuyar kishiyar uwa ko auren dole, saboda daɗin sakayya gwargwadon wahalar da ta gabace ta ne.

Abin ya girme mu. *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, labarin Sumayya ne, ɗiyar masu hali da ta kafe a kan talaka Muhammad ta ƙi mai kuɗin da aka zaɓa mata. Ku lura, a nan kuɗi ne ma abokin gaba. Abin da littafin ya biya wa masu karatu shi ne burin zaɓin miji da kanki. Ita kuwa Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana da shekara 13, a *Alhaki Kuykuyo Ne* na 1990 ta ba Rabi, matar da miji ya kora da 'ya'yanta, sana'ar sayar da abinci da ta riƙe gidanta da ita, ta kuma sa dukiyar mijin ta ƙone. Wannan littafin har an fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Da a ce mafarkin banza ne kawai, da hukumar A Daidaita Sahu ba ta tara irin waɗannan littattafai ta cinna musu wuta a Kano a 2007 ba.

Inda nake ganin laifinmu, mu masu rubutu a waya yanzu, shi ne mun sauƙaƙa abin ya wuce kima. Rabi ta tashi ta ɗora tukunya. Tawa tauraruwar kuwa kuka kawai take yi har Alhaji ya iso.

Gwaggona ce ta nuna mini haka. Ba ta karatun boko, ni nake karanta mata da dare a tsakar gida. Da na kai wurin da aka ɗaura aure sai ta tsayar da ni.

"Tsaya, ɗiyata. Shi wannan na Abujan, an tambayi yarinyar ko tana son shi?"

Na ce, "Gwaggo, ai mai kirki ne."

"Shi ma mai shagon nan an ce mai kirki ne."

Na koma na duba babi goma sha huɗu da na rubuta, ban ga wuri ɗaya da wani ya tambaye ta ba. Ashe auren da nake gudu a gida shi na ɗaura mata, mota kawai na ƙara wa angon.

Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar a watan Maris 2024, ni kuma ga ni a shekarar ƙarshe ta difloma. Kuɗin zangon da ya tsaya, Gwaggo ce ta sai da tunkiyarta biyu a kasuwar Jibiya ta biya. Littafin yana nan a wayata, na goge daga babi na goma zuwa ƙarshe, har yau ban san wa zai shigo ba.