Tsaron Dattawa a Gidajensu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ranar 1 ga Mayun 2019, jim kaɗan bayan sallar magariba, 'yan bindiga suka tsaya da mota a ƙofar gidan Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, suka ɗauke shi daga inda yake zaune. A garin shugaban ƙasa na lokacin ke nan. Sai da ya yi wata biyu a hannunsu kafin jami'an tsaro su ceto shi a Kano. A watan Maris na wannan shekara kuwa, cikin birnin Katsina aka shiga har gida aka sace surukar gwamnan jihar na lokacin, Aminu Bello Masari, tsohuwa mai kimanin shekara 80. A Yulin 2021 aka bi dare aka ɗauke Sarkin Kajuru, Alhaji Alhassan Adamu, yana da shekara 85. Kudu ma ba ta tsira ba: a Disambar 2012 aka sace mahaifiyar Ngozi Okonjo-Iweala daga gidanta a Ogwashi-Uku ta jihar Delta, lokacin 'yar tata tana ministar kuɗi.

Waɗannan manya ne, shi ya sa duniya ta ji. Tsohuwar da aka shaƙe a ɗakinta saboda sarƙar gwal, ko ɗan fanshon da aka sara a hanyar masallaci don a karɓe wayarsa, labarinsu a bakin maƙwabta yake ƙarewa. Amma manya da ƙanana abu guda ya haɗa su: ba kasafai ake faɗa wa dattijo bisa tsautsayi ba. Wanda ya zo ya riga ya san gidan, ya san lokacin, ya san abin da ya zo ɗauka. Wani ne ya gaya masa, ko shi da kansa ya sha shiga gidan. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Me ya sa ake haƙon tsofaffi?

Rauni na jiki kowa ya san shi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tsarin rayuwar dattijo a fili yake. Ana iya saita agogo da fitowarsa sallar asuba. An san tabarmar da yake zama bayan la'asar, an san ranar da yake zuwa asibiti, an san ƙarshen wata fansho zai shigo. Ɓarawo ba ya buƙatar dogon bincike. Kwana uku a bakin shagon mai shayi sun ishe shi.

Sannan dukiyar tsoho sananniya ce, kuma a gida take. Mutanen da suka girma kafin banki ya zama ruwan dare ba su gama yarda da shi ba, wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kuma ta ƙara musu hujja. Don haka kuɗin sa da aka sayar a kasuwar Wudil ko Maigatari, kuɗin hatsin kaka, giratuti, adashin da Hajiya ke riƙe wa matan unguwa, gwal ɗin da aka sayo a Makka, duk suna ƙarƙashin katifa ko cikin adaka. Masu garkuwa da mutane kuwa ba aljihun tsohon suke kallo ba, na 'ya'yansa suke kallo. Sun san ɗa zai sayar da gona da mota kafin ya bar mahaifiyarsa ta kwana uku a daji.

Ga kuma kaɗaici, wanda baƙo ne a ƙasar Hausa. Da, gidan gandu ne: zaure cike da mutane, samari na kwana a soro, baƙo ba zai kai tsakar gida ba sai ya wuce idanu goma. Yanzu yara sun watse Abuja da Legas da ƙasashen waje, sun gina wa iyaye gida mai doguwar katanga a sabuwar unguwa, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. An yi haka ne don a huta da su, amma ihun tsoho ba ya tsallake katanga mai tsayin ƙafa goma, balle idan janareto na ruri, ko ruwan damina na dukan kwano. Ɓarayi sun san wannan sarai, shi ya sa suke son daren ruwa.

Wanda ke shiga har ƙuryar ɗaki

A nan ya kamata a fi tsayawa, domin a nan aka fi sakaci. A zauna a lissafa waɗanda suka san cikin gidan: direba, mai gadi, 'yar aiki, almajirin da ke wanke-wanke, ɗan garuwa, mai gyaran wuta, magini, jika da abokansa, ɗan 'yar'uwa da aka ɗauko riƙo. Mafi yawansu mutanen kirki ne, wasu ma sun fi 'ya'yan cikin kula da tsohon. Sai dai mutum ɗaya ya isa, kuma ba lallai ne ya yi da mugun nufi ba. Yaro ya je majalisa ya ce, "Wallahi yau Baba ya sayar da filinsa na bakin titi, da idona na ga kuɗin a Ghana-mas-go." Shi hira ya yi. Wanda ke gefe ya riƙe.

A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kaduna, jama'a sun daɗe suna kuka da infoma, mutumin gari da ke nuna gidan da za a shiga a ba shi kasonsa. A birni ma haka abin yake, suna ne kawai ya bambanta.

Saboda haka kada a ɗauki mai aiki don kawai wani ya ce "yaron kirki ne". A san garinsu, a san iyayensa ko malaminsa, a samu wanda zai tsaya masa, mai unguwa ya san da zamansa, a ajiye hotonsa da lambar wayarsa wurin ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan. Ranar da aka rabu da mai aiki, ko da lafiya aka rabu, a canza kwaɗo. A biya shi haƙƙinsa cif kafin ya tafi. Wanda aka kora da bashin albashin wata uku ya fita da ƙullin zuciya da taswirar gida a kansa.

Maganar kuɗi kuwa a rage mata 'yan kallo. Cinikin fili ko na dabba a yi shi ta banki, a gaban shaidu kaɗan. Gwal da takardun gida da na gona su koma wurin ajiya a banki ko hannun amintaccen ɗa. Idan dattijo bai iya cire kuɗi da kansa ba, mutum ɗaya tak zai riƙe katin da lambar sirri, kuma saƙon shigar kuɗi da fitarsu ya riƙa zuwa wayar wani ɗan daban, don a samu mai duba mai dubawa. 'Ya'ya su ma su kama kansu: hoton sabon gidan Hajiya a Facebook, da bidiyon kyautar mota a TikTok, talla ce ga wanda ba a gayyata ba.

Ƙofa, haske da ƙara

Dattijon Bahaushe ba ya iya jin sallama ya ƙi amsawa. Yana ganin rashin mutunci ne. Miyagu da wannan karar suke shiga. "Salamu alaikum, Baba, Alhaji ne ya aiko ni da saƙo daga Abuja." Ko kuwa, "Hajiya, ma'aikatan wuta ne, mita za mu duba." Wani ya ce tallafin gwamnati ake rabawa, a kawo katin banki a yi rajista. Amsa sallama wajibi ne, buɗe ƙofa ba wajibi ba ne. A huda ƙaramar taga a jikin ƙyaure wadda za a leƙa a yi magana ta cikinta, kuma iyali su yi ƙa'ida: duk ɗan da zai yi aike, sai ya fara bugo waya ya faɗi sunan ɗan aiken. Idan ba a bugo ba, Baba ya ce, "Ɗan nan, dakata in kira shi." Mai gaskiya zai jira. Maƙaryaci kafin a gama neman lamba ya ɓace.

Ƙyaure ya zama mai ƙwari, da sakata ta ciki sama da ƙasa, musamman na ɗakin kwana, domin shi ne mafaka ta ƙarshe. A duba ƙofar baya, da tagar banɗaki, da inda tulin bulo ko reshen darbejiya ya zama tsani a jikin katanga. Fitilar sola ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, ta fi doguwar waya mai ƙaya amfani, kuma ba ta jiran a kawo wuta.

Sai dai a yi hattara da ƙarfe. Gidaje da yawa an mayar da su keji: ƙarfe a kowace taga, kwaɗo uku a ƙofa, makullai a inda tsohuwa ba za ta tuna ba cikin firgici. Idan gobara ta tashi cikin hunturu, ko ciwo ya kama mutum da tsakar dare, abin da aka sa don ya hana ɓarawo shiga shi zai hana mai ceto. A bar taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, makullin ya zauna a ƙusa guda da kowa ya sani, maƙwabci amintacce kuma ya riƙe na biyu.

Waya ta kwana da caji kusa da matashin kai, ba a falo ba. Ƙaramar waya mai madannai ta fi babba sauƙi ga hannun da ke rawa da idon da ya raunana. A saita lambobi uku da za a kira da dannawa ɗaya: maƙwabci mafi kusa, shugaban 'yan sintirin unguwa, sannan ɗa. Maƙwabci ne farko, domin ɗan da ke Legas ba abin da zai iya cikin minti biyar sai salati. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112, kyauta ce, amma a haɗa da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa. Usur na 'yan ƙwallo, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi muryar ɗan shekara 75 kaiwa nesa, in dai maƙwabta sun san ma'anarsa tun kafin ranar.

Fita asuba ba za a ce a daina ba, kuma ko an ce ba za a ji ba. A dai daina fita ɗaya-ɗaya. Dattawan layi su riƙa ƙwanƙwasa wa juna ƙofa su tafi tare, da tocila, a bar babbar waya a gida. Wannan yana da wata fa'ida: ranar da Malam bai fito ba, kafin gari ya waye an leƙa an ga lafiya. Kuɗin sintiri na wata-wata kuma a riƙa biya wa iyaye a kan kari, 'yan sintirin su san gidajen da tsofaffi ke kwana su kaɗai.

Idan an riga an shigo

Kada a yi gardama, kada a yi kokawa, kada a ce "ai na gane ka, kai ɗan wane ne". Wannan kalma ta sha jawo kisa, domin ɓarawon da aka gane ya san asirinsa ya tonu. A ba su abin da suka nema. Ajiye bindiga ba lasisi laifi ne a dokar Najeriya, adda a hannun tsoho kuwa sau da yawa hannun maharin take komawa.

Bayan sun tafi, asibiti kafin komai, ko da ba a ga jini ba. Turewa ɗaya na iya karya ƙugun tsoho, bugu a ka kuma yana iya tara jini a ciki, wani lokaci alamar ba za ta fito ba sai bayan kwanaki, ta hanyar yawan barci, ruɗewa ko amai. Idan harbi ne, wata doka ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sannan a kai rahoto, a sa banki ya rufe kati, kamfanin waya ya rufe layin da aka tafi da shi. Iyali su riƙe rubutaccen jerin magungunan da tsohon ke sha. Idan garkuwa aka yi da shi, maganin hawan jini da na ciwon suga na cikin abin da za a fara roƙo a bari a kai masa.

Cutar da ke fitowa daga cikin gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yakan gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kama daga zagi da tsoratarwa, zuwa cinye dukiya, wofintarwa da duka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 15 ga Yuni don tunawa da wannan matsala. A wurinmu fuskarta sananniya ce: ɗa ko jika ɗan ƙwaya da ke zare wa uwa wuƙa don ta ba shi kuɗi, magajin da ya gaji da jira ya sa tsoho dangwala hannu a takardar gida, ko tsohuwar da ruɗewar tsufa ta sa take sambatu aka ce mayya ce. A Kafaba ta arewacin Gana, a Yulin 2020, duka aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu a kan wannan zargi, jama'a na tsaye suna kallo.

Uwa ba za ta kai ƙarar ɗanta ba. Za ta ce faɗuwa ta yi a banɗaki. Don haka sai mai ziyara ya buɗe ido: tabo a hannu ko wuya, yin tsit da zarar wani ya shigo ɗakin, ramewa alhali ana turo kuɗin cefane, kayan ɗaki da ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A keɓe da ita a tambaya a hankali, ba a gaban wanda ake zargi ba. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda jihohi da dama suka yi irin tasu, ta haramta duka da tauye wa mutum dukiyarsa da yasar da wanda ke ƙarƙashin kulawarka, ba ta kuma cire ɗa ko jika ba. Ana iya farawa da babban dangi, da limami, da mai unguwa, ko Hisba a inda take. Amma idan har an kai ga makami, a fara raba tsohuwar da gidan ko a fitar da yaron a ranar, sulhu ya biyo baya.