Ɗigo da allura: hanyoyi biyu na tare shan inna

Ta baki ƙwayar cutar shan inna take shiga. Takan sauka hanji ta hayayyafa, ta fita a bayan gida ta kama wani yaron. A jikin kusan mutum ɗaya cikin 200 da ta kama, takan bi jini ta kai ga laka, ta shanye ƙafa. Wannan tafiya tata ce ta sa rigakafinta ya zo iri biyu.

Jonas Salk, a birnin Pittsburgh na Amurka, kashe ƙwayar ya yi. Ya rene ta a ɗakin gwaji, ya zuba mata sinadarin formalin har ta mutu, ya mai da ita allura. Gwajin 1954 ya haɗa yara kusan miliyan 1.8, aka kuma sanar da nasara ranar 12 ga Afrilu, 1955. Garkuwar jiki kan ga siffar matacciyar ƙwayar, ta ƙera sinadaran kariya daidai da ita, ta riƙe kamanninta don gaba. Sai dai a jini tsaron ya fi ƙarfi. Yaron da aka yi wa allurar ba zai shanye ba, amma cutar na iya kwana a hanjinsa, ya kai wa ɗan maƙwabci.

Albert Sabin kuwa da ranta ya bar ta, ƙarfinta ya karya. Ya yi ta juya ta cikin ƙwayoyin jikin biri, yana zaɓen waɗanda suka daina taɓa jijiya. A 1959 aka ba miliyoyin mutane rigakafinsa a Tarayyar Sobiyet. Ɗigo biyu a baki kan bi hanyar da cutar ke bi, hanji ya koyi faɗa tun daga bakin ƙofa. Ga araha, ba sirinji, kuma 'yar sa-kai mai akwatin ƙanƙara na iya shiga gida-gida ta ba yara. A ganina, masu ɗaukar ɗigo a matsayin maganin talaka ba su yi masa adalci ba: shi ne ya yanke yaɗuwar cutar, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali ranar 25 ga Agusta, 2020, shekara huɗu bayan na ƙarshe da aka gani a Borno.

Amma ɗigo na da aibinsa, ɓoye shi kuwa cin amanar iyaye ne. Mai rai yakan canja. Idan raunanniyar ƙwayar ta daɗe tana yawo a garin da yara da yawa ba su sha ba, tana iya farfaɗowa ta shanye yaro. Mun ga haka a Arewa daga 2005, bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003 ya ƙara yawan yaran da ba su da kariya. Allurar Salk ba ta da wannan haɗari, shi ya sa Amurka ta koma ga allurar kaɗai a shekarar 2000, bayan ɗigo ya gama mata aiki.

Mu namu aikin da saura. Najeriya ta sa allurar cikin rigakafin jarirai a 2015, a Maris 2021 kuma ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon ɗigon nOPV2, wanda aka gyara ƙwayarsa don kada ta farfaɗo cikin sauƙi. Uwar da ke tambayar dalilin ɗiga wa ɗanta bayan an yi masa allura a asibiti tana da haƙƙin a zauna a yi mata bayani: allurar na kare ƙafar ɗanta, ɗigon kuma na hana cutar samun wurin zama a unguwarsu.