Kamu Ba Hukunci Ba Ne: Abin da Ya Kamata Ka Sani Idan An Tsare Naka

A gidaje da yawa, da zarar an ce 'yan sanda sun tafi da wane, sai a ɗora hannu a ka, a shiga neman abin sayarwa domin a "karɓo shi". Wasu kuma kunya ce ke sa su yi gum, har yaro ya shafe watanni a tsare ba wanda ya leƙa shi. Duka biyun rashin sani ne ke jawo su, domin dokar Najeriya ta bambanta wanda ake zargi da wanda aka yanke wa hukunci, kuma ta ƙayyade iya lokacin da za a riƙe mutum.

Matakai uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai tsarewar caji ofis, wadda ta bincike ce kawai. Akwai ajiya a gidan gyaran hali bisa umarnin kotu kafin a gama shari'a. Sai ɗauri, wanda ba ya tabbata sai alƙali ya saurari ƙara ya sami mutum da laifi. A matakai biyun farko, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 yana kallon mutum a matsayin marar laifi.

Sashe na 35 ya fayyace haƙƙin wanda aka kama. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya. Idan babu, kwana biyu, ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. Laifuffukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, ba su shiga wannan ƙa'ida ta lokaci ba, kuma belinsu sai babbar kotu.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta toshe wasu ƙofofin zalunci da aka saba da su. Haramun ne a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Haka nan ba a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki zalla, domin wannan aikin kotu ne, ba na caji ofis ba. Mai kai ƙarar abokin cinikinsa don a jefa shi bayan kanta har sai ya biya, ya sani shi ma ana iya haɗawa da shi a ƙarar neman diyya.

Beli kuwa kyauta ne. A ofisoshin 'yan sanda da dama an ma rubuta hakan a jikin bango. Abin da doka ke buƙata shi ne mai tsaya wa mutum, wanda zai sa hannu cewa zai kawo shi duk ranar da aka neme shi, kuma mace tana da damar tsayawa kamar namiji. Sai dai a yi hattara: kada ka tsaya wa wanda ba ka san gidansa da halinsa ba, domin idan ya tsere, kai za a bi kuɗin da aka rubuta a takardar belin.

Wurin da aka fi yin asara shi ne teburin ɗaukar bayani. Ga matashi a zaune ba riga ba takalmi, bai runtsa ba tun jiya, an rubuta shafi biyu da Turancin da ba ya ji, an miƙo masa tawada an ce ya dangwala ya tafi gida. Wannan dangwalen ne zai tarar da shi a gaban alƙali bayan shekara guda a matsayin amsa laifi. Doka ta ba shi damar a ɗauki bayaninsa a gaban lauya ko wani da ya yarda da shi, a kawo tafinta ya karanta masa kafin ya sa hannu. Duka ko rataya don a tilasta mutum ya amsa laifi kuwa babban laifi ne. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 25 ga wanda ya aikata.

Mataki na biyu, wato ajiya, shi ne ramin da ke haɗiye mutane. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen, jiran shari'a suke yi. Sau da yawa an kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron laifin, ya ba da umarnin a ajiye shi kafin shawarar ma'aikatar shari'a ta fito, fayil ya kwanta a wani ofis, shi kuma ya kwanta a gidan gyaran hali na Kurmawa ko na Goron Dutse. Alhali a dokar 2015 umarnin ajiya na farko ba ya wuce kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai an kawo wa kotu dalili. Idan ba mai bibiya, ba mai tuna wa kotu cewa wa'adi ya cika.

Su ma masu kulle mutane a gida doka ba ta ƙyale su ba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu kuma iyayensu ne suka kai su da sunan gyaran tarbiyya. Kyakkyawar niyya ba ta halatta ɗaure ɗan Adam, ko ɗan cikinka ne. Mai shaye-shaye ko taɓin hankali asibiti ya kamata a kai shi.

To, idan abin ya zo ƙofarka, me za ka yi? Tun ranar farko ka rubuta lokacin kamun, sunan ofishin da na jami'in da ke bincike. Ka nemi ganin DPO, wato shugaban ofishin, cikin ladabi ka tambayi abin da ake zargi. Idan an kai kotu, ka riƙe lambar ƙara da ranar dawowa, kuma kada zama ɗaya ya wuce ba ɗan'uwa a wurin. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke da ofisoshi a jihohi, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa. Sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya ba da damar zuwa babbar kotu a nemi a saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 kuma ya ce yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Haka nan babban jojin jiha kan ziyarci gidajen gyaran hali ya sallami waɗanda zamansu ya wuce kima, don haka a tabbata sunan mutum ya isa gabansa ta hannun lauya.

Mai laifi ya fuskanci hukunci, wannan ba gardama. Amma a bar alƙali ya yanke shi, kuma 'yan'uwa su tsaya a kan maganar tun daga awa 24 ta farko.