NASA POWER, PVGIS ko Global Solar Atlas: Wanne Ya Fi Auna Hasken Rana Daidai?

Kafin a sayi farantan sola da batir, akwai lamba ɗaya da duk lissafin ya rataya a kanta: yawan hasken ranar da ke sauka a wurin. Yau ana iya duba ta kyauta a waya, sai dai shafuka uku da suka fi shahara ba sa ba da amsa iri ɗaya.

Dukansu sun dogara ne da tauraron ɗan'adam, wanda ke ɗaukar hoton gizagizai, sannan kwamfuta ta ƙiyasta hasken da ya ratso zuwa ƙasa. Bambancin yana wajen girman filin da kowanne ke ɗauka a matsayin wuri guda.

NASA POWER na Amurka yana raba duniya zuwa manyan gidaje masu faɗin kusan kilomita 110, don haka garuruwa biyu masu yanayi daban na iya samun lamba ɗaya. PVGIS na Tarayyar Turai yana amfani da bayanan SARAH daga taurarin Meteosat, waɗanda ke kallon Afirka daga nisan kusan kilomita 36,000, kuma gidajensa ba su wuce kusan kilomita 5 ba. Global Solar Atlas na Bankin Duniya, wanda kamfanin Solargis ke samar wa bayanai, yana haɗawa da tsayin ƙasa har taswirar ta sauko zuwa mita 250.

Babbar matsalarsu a yankin Sahel ita ce ƙurar hunturu. Gano girgije abu ne mai sauƙi ga tauraro, amma hazo kan rage haske alhali sama tana kama da wadda ta washe. Tsarin da ya dogara da matsakaicin ƙura na wata-wata yakan kauce a ranar da hazo ya yi kauri.

Kuskuren yana taɓa aljihu. A ce shafi ya nuna awa 6 na cikakkiyar rana: faranti mai wat 400 zai ba da wat-awa 2,400 a lissafi. Idan an zuzuta lambar da kashi 10 cikin ɗari, wat-awa 240 sun tafi, wato cajin waya mai batir 5,000mAh kusan sau 12 a kullum.

Alƙalin gaskiya shi ne na'urar auna haske da ake kafawa a ƙasa, irin ta tashar Tamanrasset a Aljeriya. Ga mai haɗa sola a gida kuwa, hanya mafi aminci ita ce ya duba shafuka biyu, ya ɗauki lambar watan da ya fi ƙarancin haske, ya yi lissafinsa da ita.