Ko Kun Sani? Boren da Ba Ya Fitowa Kan Titi

Masu binciken gwagwarmayar talakawa sun gano cewa yawancin bore a ɓoye ake yinsa. A ƙarshen shekarun 1970, Michael Watts ya zauna a Kaita, maƙwabciyar Mashi, yana nazarin rayuwar manoma. Littafinsa Silent Violence na 1983 ya nuna yadda harajin Turawa, da sai da kuɗi ake biyansa, ya tilasta wa manomi sayar da hatsi da kaka, rumbu ya ƙare kafin damina. Wasu suka yi ƙaura don tsere wa haraji. A 1985 kuma, James Scott, bayan zamansa a wani ƙauyen Maleshiya, ya kira jan ƙafa, ɓoye amfanin gona da yi wa masu hali tsegumi makaman raunana.