Falz: Yadda aka karɓi mawaƙin gambara da ya bar barkwanci ya koma sukar al'umma

Kafin shekarar 2018, akasarin 'yan Najeriya sun san Folarin Falana, wanda ake kira Falz, a matsayin mawaƙin gambarar zamani mai ban dariya, wanda ke karya Turanci da gangan, yake kuma fitowa a wasan barkwanci na Jenifa's Diary. Ba kowa ke tuna cewa lauya ne, kuma ɗan fitaccen lauyan kare haƙƙin ɗan Adam, Femi Falana ba.

A watan Mayun 2018 ya saki waƙar This Is Nigeria, wadda ya gina a kan This Is America ta mawaƙin Amurka Childish Gambino. A cikinta ya taɓo cin hanci, da cin zalin 'yan sandan SARS, da shan kodin, da kashe-kashen da ake yi a karkara. Masu sharhin waƙa a Legas sun yi mata kyakkyawar tarba, suna ganin an samu matashin da ya ɗauko aikin da Fela Kuti ya bari.

Sai dai ƙorafi mafi ƙarfi bai shafi kiɗa ko baiti ba, hotunan bidiyon ya shafa. An nuna 'yan mata sanye da hijabi suna rawar shaku-shaku, an kuma nuna wani mai shigar Fulani yana kai sara da adda. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Akintola, ta ba shi wa'adin kwana 7 ya janye bidiyon ya nemi afuwa. Ɓangaren mawaƙin ya amsa cewa 'yan matan na wakiltar ɗaliban Chibok ne, su 276 da aka sace a watan Afrilun 2014. Bai janye ba, ƙungiyar ma daga baya ta fasa zuwa kotu.

A nan ne ainihin saɓanin yake. Abin da mai sharhi a Legas ke kallo a matsayin alama, a jihar Borno magana ce ta 'ya'yan mutane. A Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri, inda bam ya tashi a watan Maris na 2015, kuma rikicin Boko Haram ya daɗe yana tauye cinikin bandar da ake kawowa daga Tafkin Chadi, ba a buƙatar waƙa kafin a san tsananin lamarin. Tambayar da ta dace da irin wannan wuri ita ce ko an nuna masu ciwon da mutuncinsu. Niyyar Falz ba ta ɓoyu ba, amma hijabi da rawa sun janye hankalin jama'a daga batun sace yaran, aka koma jayayya a kan tufafi.

Hukumar kula da kafofin yaɗa labarai, NBC, ta shigo a watan Agustan 2018, ta ci tarar gidan rediyon Jay FM na Jos naira 100,000 kan waƙoƙin da ta ce ba su dace a saka ba, har da wannan. Irin haka ba baƙo ba ne a Arewa: an taɓa haramta Girgiza Kai ta Nazir Ahmed Hausawa, wato Ziriums, a Kano zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace finafinai.

Falz bai ja da baya ba. A watan Janairun 2019, ana dab da babban zaɓe, ya fitar da kundin Moral Instruction mai waƙoƙi 9, da gutsattsarin kiɗan Fela a ciki, kuma Lemi Ghariokwu, mai zana wa Fela bangon faifai, shi ya zana bangonsa. Wannan karon wasu mata masu sharhi ne suka soke shi, suna cewa ya cika ɗora laifi a kan matan da ke neman kuɗi da jikinsu, yana sassauta wa mazan da ke biya. Duk da haka, kundin ya lashe kyautar kundin shekara a bikin Headies na 2019.